Kaka Malsun, Wadda Ta Ƙi A Rubuta Sunanta Da Ja

Da safiyar Lahadi, tara ga Nuwamba, 2025, ina shanya kaya a bayan gida, aka buga mini waya cewa Allah ya karɓi ran Kaka Bang Malsun a asibitin gunduma, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ɗalibata ce a aji uku na firamaren ƙauyenmu na bakin teku, kuma ban taɓa koyar da wanda nake tsoro kamarta ba.

Kaka, na tuna shekarar da makarantarmu ta rasa yaran da za su shiga aji ɗaya, har aka fara maganar rufe ta. Shugaban makaranta ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin da ba su samu karatu a yarinta ba. Kika ajiye aikin shanyar kifi, kika ja aminiyarki Kaka Bokrye da wasu mata biyu, kuka zo kuka cusa kanku a kujerun yara. Aka raba muku kwamfutar hannu, wadda muke kira allo. Kin karɓi naki da hannu biyu, kin rusuna masa. Idan muryar da ke ciki ta ce kin yi daidai, sai ki amsa, "Na gode, 'yata."

Rigimar ta tashi ne a makonnin farko. Tsarin na'urar shi ne duk wanda bai yi aikin gida ba, da safe sunansa ya fito da ja a babban allon aji. Rannan kin wuni a gona, ba ki taɓa aikin ba, washegari muka shiga aji. A lokacin abu ɗaya kika iya karantawa a duniya, sunanki, kuma ga shi can ja wur.

"Malam, yaushe na mutu ba a gaya mini ba?" kika tambaye ni.

"Kaka, aikin gida ne kawai ba ki yi ba."

"A kan lissafi ake kashe mutum? Tun da uwata ta haife ni, sunan mamaci kaɗai ake rubutawa da ja. Goge shi, ko ni in goge ka."

Na danna nan, na danna can, bai goge ba. Kika watsa gishiri a ƙofar aji don korar mugun abu, kika kira ɗanki Wi Daesik a birnin Busan, kika gaya masa inda kika ajiye likkafaninki. Ni kuma na rubuta wa masu na'urar roƙon su canza launin. Sun amsa cewa za su duba. Har yau dubawa suke yi.

Daga ranar kika rantse sunanki ba zai sake yin ja ba kina da numfashi. Lokacin haɗa kimci, kabejin nan namu mai yaji da ake adanawa a tulu, hannuwanki dumu-dumu da barkono da tafarnuwa, sai ki jingina allon da tulu, ki riƙa danna amsa da hanci. Ba ki tsaya a kanki ba. Kowace yamma kina bin gidajen 'yan ajinki da sanda, don ba ki yarda a kashe miki kowa ba. Kaka Bokrye ta taɓa ɓuya a rumbun dankali, kika bi ta can da allonta. Har manya suka zo daga birni ganin yadda ƙaramar makaranta ta fi kowa amfani da fasahar zamani, suka ba ni takardar yabo. Kina zaune a baya kina ɓare musu dafaffen dankali.

A haka kika koyi karatu. Ke ce kika koma karanta wa maƙwabta rubutun jikin magani, kuma ba ki taɓa sa wani ya ji kunyar rashin saninsa ba. Ko a asibiti, sai da aka sa allonki a caji kafin ki miƙa hannu a yi miki ƙarin ruwa. Aikin Juma'a ma kin gama shi.

Mun binne ki ranar Talata. Laraba da muka shiga aji, sunanki ya yi ja, don na'ura ba ta zuwa jana'iza. Hawaye ya hana ni ganin allon. Kaka Bokrye ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan ba jan matattu ba ne, Malam," ta ce. "Jan malalata ne. Yaya Malsun kuwa ba ta taɓa ƙin aiki ba. Miƙo mini allonta."

Ta zauna a kujerarki tana ƙirga da yatsu har aka buga ƙararrawa. Fiye da rabi ta faɗi, maki mafi muni da kika taɓa samu, ki yafe mata. Amma sunanki ya koma baƙi. Ta kuma hana ni cire shi sai shekarar karatu ta ƙare.

Allah ya jiƙan ki, Kaka, ya yi miki rahama, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Wi Daesik da iyalinsa da duk 'yan aji uku. Allah ya ba su haƙuri. Kaka Bokrye kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, ya buɗe mata kai a lissafi, don yanzu aikin gidan mutum biyu take yi.