Na Gane Alamar da ke Jikin Tsarabar, Na Yi Shiru

Edita, shekarata goma sha huɗu lokacin da abin nan ya faru, muna zaune a wani flat, wato sashen gidan bene, a unguwar Whalley Range a nan ƙasar Turawa, ni da iyayena da ƙanwata 'yar shekara huɗu. Ni yarinya ce marar magana. A aji nakan zauna kusa da taga, na san wadda ta sauya igiyar takalmi da wanda ya yi kuka kafin ya shigo, amma in malami ya kira sunana muryata maƙalewa take. A gida ana yabona da wannan hali. Baƙi su ce kai ka ce a Kano aka raine ni, Umma ta yi murmushi, ni kuma in ƙara sunkuyar da kai.

A zangon karatun lokacin malaminmu ya ba mu muhawara a kan ko ya dace a halatta tabar wiwi a ƙasar nan. Ya ce a wasu jihohin Amurka an halatta ta, gwamnati na karɓar haraji a kanta, kuma masu zuwa wasan zamiya kan duwatsun ƙanƙara sukan biya shagunanta. Ban ce uffan ba a muhawarar, amma na yi aikin gida da malam ya ba mu a kanta tsaf. A nan na ga cewa ba duka ake sha da hayaƙi ba, har alawa ake yi da ita, kuma ana buga wata 'yar alama ja mai haruffa uku a jikin ledar. Alamar ta zauna mini a ka.

Bayan wata biyu Kawu, ƙanen Umma, injiniya a Birmingham, ya je taron aiki a wani garin duwatsu a Amurka. Ranar wata Asabar ya zo mana da hantsi, yana ba da labarin yadda ya faɗi sau bakwai a kan ƙanƙara har wata tsohuwa ta ɗaga shi. Abba ya ce mutumin da ko keke bai iya ba me ya kai shi. Sai Kawu ya buɗe jaka. Ya ce taro ya hana shi zuwa kasuwa, amma ranar tafiya abokan aikinsa sun bar kayan ciye-ciye a masaukin da suka kama tare, za a zubar, shi kuwa ba ya iya ganin ana almubazzaranci, kuma ba ya shiga gidan yayarsa hannu rabbana. Ya fito da biskit, da gyaɗa, da wata leda ta alawa mai danƙo. Umma ta tambaye shi abin da kullum muke tambaya, ko akwai kitsen alade a ciki. Ya ce ya karanta jerin kayan haɗin sau biyu, ba alade, ba giya. Abin da idonsa ya saba nema ke nan, shi kaɗai ya nema.

Ni kuwa daga inda nake zuba shayi na hango 'yar alamar ja a gefen ledar. Nan take na gane ta. Amma ta yaya zan buɗi baki in ambaci wiwi a gaban Abba? Za a ce ina na san ta. Kuma a gidanmu ba a juya tsaraba ana dubawa a gaban wanda ya kawo, raini ne. Na ce a raina bari a tashi salla in ɗauke ledar in ɓoye. Na ɗauki kofuna na kai kicin, na tsaya na wanke su, har da goge su. Da na dawo ledar a buɗe take, ƙanwata na kan cinyar Kawu bakinta ja. Na ƙirga da ido, huɗu ba sa nan. Na ɗauke ledar na cusa a aljihuna, kuma har a lokacin ban yi magana ba. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila ban gani daidai ba.

Bayan azahar ƙanwata ta fara tangaɗi tana dariya, aka ce barci ne. Can sai Umma ta ɗaga hannun yarinyar ya faɗi kamar tsumma, aka kira sunanta ba ta buɗe ido ba. A asibiti likita ta yi ta tambaya ko akwai magani a inda yarinya za ta kai hannu, ko ta faɗi ta bugu, me ta ci. Abba ya lissafa shinkafa, da lemo, da alawa. Ana maganar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta. Ina tsaye jikin bango, hannuna a aljihu, ledar ta jiƙe da gumi. Na dubi 'yan yatsun ƙafar ƙanwata, ɗaya da ragowar lallen da na sa mata, sai na ji kaina na tako na miƙa wa likitar ledar. Ta duba sau ɗaya, ta fita da sauri.

Umma ta juyo ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Tun da Kawu ya fito da ita."

Ba ta dake ni ba, ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a kujera ta rufe fuska. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙanwata ta kwana biyu a asibiti, Allah ya tashe ta. Daga baya ma'aikatan council, wato ƙaramar hukuma, masu kula da yara suka zo gidanmu har sau uku, suna buɗe durowa, suna tambayata ni kaɗai a ɗaki. 'Yan sanda sun yi wa Kawu tambayoyi, ya yi wata huɗu bai tako gidan ba, ba don an hana shi ba. Ranar da ya dawo ya same ni a kicin ya ce laifinsa ne, in daina ɗora wa kaina. Na gode masa, amma na san shi bai gane alamar ba, ni na gane.

Yanzu ina da shekara sha shida. Ban san amsar muhawarar nan ba har yau, ko harajin ya kai a halatta ko bai kai ba, wannan na manya ne. Abin da na sani shi ne abin da ake sayarwa a fili a wata ƙasa yana iya shigowa falonmu a jakar mutumin kirki. Iyaye, in kun duba alade ku duba sauran ledar, kuma in kuna yaba shirun 'yarku, ku bar mata ƙofar da za ta faɗi kalma mai nauyi ba tare da an tuhume ta ba. 'Yan uwana masu kunya irina, ku faɗa ko da muryarku na rawa. Ƙanwata ba ta tuna komai. Har yau in an ba ta alawa ni take kawo wa in buɗe mata, ni kuma sai na juya ledar na karanta da ƙarfi, ko a gaban waye.