Tanti Akisi, Mai Haɗa Goman Asabar

Tun ranar Laraba Asabar ɗin Tanti Akisi ke farawa. Da safe za ta ratsa tsakar gidan hayarmu a unguwar Treichville, nan Abidjan, ta leƙo shagona na ɗinki ta ce, "Baban Nuriyya, mun kwana lafiya?" Kafin in gama amsawa ta kai bakin titi wajen tashar Gare de Bassam tana tsayar da woro-woro, tasin nan ta haɗaka. Unguwar Adjamé ta nufa, bin mutanenta gida-gida.

Bayahudiya ce, 'yar ƙasar nan, daga ƙabilar Baule. Su ƴan kaɗan ne, kuma ɗakin ibadarsu yana saman shagona, tun shekarun casa'in. Ba su da malami na dindindin. Wani makanike ne, wani malamin makaranta mai ritaya, wani ma'aikacin tashar jirgin ruwa, su suke karɓa-karɓa wajen jan addu'a da karatun Attaura. Sai dai akwai addu'o'in da ba sa yinsu sai maza goma sun hallara. Ita mace ce, ba a ƙirga ta cikin goman, amma ita ke haɗa su. Ita ta san wanda zai yi karatu wannan makon da wanda ya yi fushi don ba a ba shi ba. Ita ke raba wa mata gashin burodin nan mai kitso, ta sa mai shara, ta sa wanda zai riƙo hannun tsohon da ba ya gani. Ba a biyanta ko sisi. Kuma dole komai ya kammala kafin faɗuwar ranar Juma'a, domin daga nan har duhun Asabar ba sa taɓa waya, ba sa kunna wuta, ba sa hawa mota, ba sa fita da komai a hannu ko a aljihu.

Idan an manta ba a kunna fanka ba, addininta bai yarda ta ce min in kunna ba. Sai ta sauko ta tsaya a ƙofar shagona tana fifita da hannu.

"Baban Nuriyya, yau sama akwai zafi."

"Ai ko'ina akwai zafi, Tanti."

"Na sama ya fi."

Sai in bar ta ta maimaita sau biyu don tsokana, sannan in hau. Matata Zaituna takan ce wata rana alhakin matar nan zai kama ni.

Mutum huɗu daga cikin goman a Adjamé suke. Kowace Asabar da sassafe sukan sa fararen kaya su tako da ƙafa, su ratsa unguwar Plateau, su haye gada su iso. Shekara da shekaru haka, har masu sayar da garba, dambun rogo da kifi, a hanya sun san su, yara na kiransu mahaukatan Asabar. Shugabansu makaniken nan ne, Gedeyon, dogo mai yawan musu.

Yanzu in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna bai yi nisa ba.

A farkon 2011, lokacin da garin nan ya rikice, 'yata Nuriyya tana Adjamé. Tumatir take sayarwa tare da gwaggonta Hassana a kasuwar Marché Gouro, a can take kwana. Gwaggon ta tafi Nijar ta'aziyya, hanya ta rufe ba ta dawo ba, yarinya ta rage ita kaɗai a ɗaki. Unguwa duk shinge, samari riƙe da makamai suna duba katin shaida. Wanda ya zauna a Abidjan lokacin ya san abin da suna irin namu da asalin Nijar ke iya jawo wa mutum a bakin shinge. Ni kuwa ko da zaman lafiya mai yawan kiran waya ne, har Nuriyya na ce min duwan, wato ɗan kwastan. A makon nan ban iya zura zare a allura ba.

Ranar Asabar da asuba ta kira tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce an shiga gidan da ke bayan nasu, abinci ma ya ƙare. Na sa takalmi zan fita. A bakin ƙofa na yi karo da Tanti, tana shirin hawa bene.

"Ina za ka?"

"Adjamé."

"Da wannan gemun da wannan katin naka? Shinge na farko za a ajiye ka, yarinya ta rasa uba kuma ta ci gaba da zama a can. Ba ni wayarka."

"Tanti, yau Asabar ce."

"Ni za ka gaya wa ranar? A wurinmu idan rai na cikin haɗari, Asabar matsawa take gefe. Kawo."

Ban taɓa ganin waya a hannunta ranar Asabar ba sai ranar. Ta san Gedeyon ba zai ɗauka ba, tasa tana kashe a cikin akwati. Sai ta kira maƙwabciyarsa mai sayar da gawayi, ta ce, "Je ki buga masa ƙofa. Ki ce Akisi ce ke kira, da waya, yau. Ba sai kin ƙara komai ba." Bai jima ba sai ga muryarsa, babu musu ko ɗaya.

Tanti da kanta ta hana mutanen Adjamé fitowa tun da rikici ya tsananta, ta gwammace a rasa goman. Ranar ta roƙe su su taka sau ɗaya, su biya su ɗauko Nuriyya. Sannan ta kira yarinyar ta ce mata ta nemi farin zane, ta ɗaura ɗankwalinta kamar kullum, ta bar kati, ta bar jaka, ta bar waya. Samarin shingayen nan 'yan unguwa ne, tun suna yara suke ganin masu fararen kaya na wucewa hannu rabbana. Sun san ba a samun kati a jikinsu ranar Asabar, balle kuɗi.

Na ce, "In ta bar wayar, ta yaya zan san inda take?"

"Ba za ka sani ba. Hau ka jera mana kujeru."

Na jera. Ta ce ba su miƙe ba, na sake. Ta sa ni goge tagogin da ba su da ƙura. Maza shida na zaune ba su fara komai ba, tsohon nan makaho yana ta motsa baki. Zaituna na ƙasa da carbi. Duk ƙarar da ta tashi daga wajen gada sai Tanti ta nuna min wata tagar.

Daga baya Gedeyon ya ba ni labari. A shinge na ƙarshe wani yaro mai adda ya tare su ya ce, "Tsofaffi, har yau ba ku warke ba? Wannan kuma sabuwa ce?" Gedeyon ya ce, "'Yar gidanmu ce." Bai yi ƙarya ba, a ƙarƙashin ɗakin ibadarsu aka haife ta. Yaron ya dube ta, ya dubi hannunta babu komai, ya ja taya gefe.

Rana ta yi sama sosai suka shigo. Nuriyya ƙafa duk ƙura, ta faɗa jikin uwarta, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, yau duwan ya yi hutu, ko kira ɗaya ban samu ba." Na buɗe baki in yi mata faɗa, kuka ya riga faɗan fitowa. Tanti kuwa ta dubi Gedeyon ta ce, "Kun makara, ku hau, ana jiranku." Suka hau suka cika goma, ni na shimfiɗa buzu a shago na yi raka'a biyu.

Ke ce, Tanti Akisi, uwar ɗakin sama, wadda ke tara jama'a ta koma bayan sahu. Ke ce kika karya hutunki saboda 'yar da ba addininku ɗaya ba, kuma ba ki taɓa tayar da zancen ba. Mutum huɗun nan ma sun sa wuyansu, Allah ya sani, amma don ke kika kira suka fito. Na gode. Zaituna ta gode. Allah ya saka miki, ya tsare naki kamar yadda kika tsare nawa.

A ƙarshen wannan shekara da muke ciki Tanti ta miƙa aikin ga wata matashiya, saboda gwiwoyinta sun ƙi. Matakalar benen nan ta fi ƙarfinta yanzu, makon jiya a ƙasa ta zauna tana sauraren addu'ar ta taga.

'Yan'uwana na Treichville da Adjamé, a masallatanmu kowa so yake ya riƙe lasifika, tsintsiya kuwa sai an yi roƙo. Ku dubi matar nan ku ji kunya tare da ni. Mun yanke shawara a gidanmu cewa kowace Asabar da safe za mu ɗauke ta a kujera mu hau da ita, in sun gama mu sauko da ita. Ni ne, da Lukumanu mai gyaran rediyo, da Sa'ad ɗan ladan. Da na gaya mata sai ta ce wai duk cikinmu babu mai ƙarfin kirki, za mu kayar da ita. Ta yi gaskiya, kujera ƙafa huɗu gare ta, mu kuwa uku ne. Wanda ya ji zai iya, shagona a buɗe yake.