Gurbin Alfarma a Tseren Babur

Ni ne mai kula da layi a tashar 'yan acaɓa ta garinmu, a gefen hanyar Kademi. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗaukar fasinja, na biyu ya bi shi, na uku ya jira. Ko ɗan mai gari ne, in ya makara, baya zai koma. Karatuna bai wuce firamare ba, amma wannan ƙa'idar na riƙe ta, kuma a kanta na yi furfura.

Wata shekara, bayan an gama sussuka, samarin tasha suka zo mini da wani abu a waya. Tseren babur ne na ƙasashen Turai. Fili ne zagayayye na ƙasa, ba kwalta. Mutum huɗu ke tashi a lokaci guda, kullum suna karya kwana ta hagu, ƙafar hagu tana shafar ƙasa. Suka ce baburan ko birki ba su da shi. Suna so su yi irinsa tsakanin 'yan acaɓan Gaya da Ajingi, kuma ni suke so in riƙe tuta.

Na ce ba zan taɓa tuta ba sai an yarda da sharaɗina. Ba mai cire birki, domin babur ɗin da zai yi tsere yau shi zai kai mai naƙuda asibiti gobe. Ba mai hawa ba hular kwano. Sannan ba mai shiga wasan ƙarshe sai ya bi tankaɗe da rairaya a garinsu, an ga gudunsa, an ga hankalinsa a kwana.

Suka yarda, amma suka ƙaro nasu. Wai a can Turai, duk ƙasar da ta karɓi baƙuncin wasa ana ba ta gurbi ɗaya, ta saka wanda take so ko da bai yi gwajin cancanta ba. Tun da a garinmu za a yi na ƙarshe, mu ma a ba mu. Suka raɗa masa suna gurbin alfarma. Ban so ba, na kuma faɗa. Aka rinjaye ni.

Tankaɗen ya tafi yadda nake so. Muka fara da Balan, muka je Toranke, muka shiga cikin Ajingi, muka dawo Gaya. Ko'ina gona ake samu wadda aka kwashe kara, a share, a jera tsofaffin tayoyi a zagaye, 'yan garuwa su yayyafa ruwa. Wanda ya zo na ɗaya da na biyu su wuce, sauran su koma gefe. Akwai wani ɗan Toranke da sarƙa ta tsinke masa yana gaba. Har gida ya biyo ni yana roƙo. Na ce masa sarƙar tasa ce, ba tawa ba.

A garinmu samari ne suka haye. Da aka zauna ƙarƙashin tsamiyar tasha don cike gurbin alfarma, ban yi zaton za a daɗe ba. Na ɗauka wanda ya zo na uku za a ba. Sai shugaban tasha ya gyara zama ya ce:

"Jama'a, alfarma ai ta manya ce. Wa ya fara kawo babur garin nan? Wa ya koya wa rabin yaran nan sa giya?"

Kowa ya juya ya kalli ƙanena.

Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ne, shi ke bi na. A lokacin ya ba arba'in baya. Gaskiya ne shi ya fara acaɓa a garin, kuma a ƙuruciyarsa ba mai shan gabansa a hanyar Gaya. Aka hau tafi. Wani ya ce, "Tsohon zaki!" Wani ya ce, "Baba, ka nuna wa 'yan Ajingi cewa tsohuwar zuma da ita ake magani!" Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana cewa ya gode.

Abin da mutanen nan ba su sani ba shi ne idonsa. Kakar da ta gabata karan dawa ya soke shi a idon hagu muna yanka. Ciwon ya warke, ido ya koma kamar lafiyayye ga mai kallo, amma gani ya tafi. Ya ce mini abin da ke gefen hagunsa kamar mai leƙe ta cikin ruwan koko yake ganinsa. Daga ni sai matarsa muka sani. Ya ci gaba da sana'arsa a hankali, ba ya gudu, in ya zo mararraba ya juya kai gaba ɗaya. Fasinja suna yabonsa da natsuwa. Da wannan babur yake ciyar da gidansa, don gonar da muka gada ba ta kai mu shekara.

Na miƙe a wurin na ce wanda bai bi tankaɗe ba bai kamata ya shiga ba, ko wane ne. Aka yi dariya. Shugaba ya ce, "Malam, ai ma'anar gurbin ke nan. Kuma ɗan'uwanka ne, kai da za ka yi murna?" Wani daga baya ya ce, "Kishi ne! Shi ma Malam so yake a ba shi." Aka sake dariya. Ba ni da wata hujja da zan iya faɗa a gaban jama'a, sai na zauna.

Washegari na same shi a bayan gida yana wanke babur. Na tsaya a kansa.

"Ka je ka ce ka gode, ba za ka iya ba."

"In ce me ya hana ni, Yaya?"

"Ka ce ƙafa. Ka ce baya. Ka ce matarka ta hana."

"Su ce mace ta hana ni? A tasha?" Ya yi dariya, ya matse tsumma. "An girmama ni a gaban 'ya'yan cikina. Ka taɓa ganin an miƙa wa mutum rawani ya ce kansa na ciwo?"

"Kwanar duk ta hagu ce. Ka gani a wayar. Wanda zai wuce ka, ta ciki zai shigo, ta hagunka."

"Ina da kunne. Ƙarar injin kowane yaro a garin nan na san ta."

"Na Toranke fa? Na Balan fa? Su ma ka san ƙararsu?"

Ya ci gaba da goge tanki. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Zagaye kaɗan ne. Zan bi su a baya, in gama, a tafa mini, shi ke nan."

Na san ƙanena. Tun muna yara, in aka ce a yi tseren jaki daga gona, ba ya iya bin kowa a baya. Na gaya masa haka. Ya ce, "Yaya, ka riƙe tutarka, ka bar mini totur ɗina."

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta auna abin. In na yi shiru, zai shiga tsakanin samari uku da ba su san ba ya ganinsu ba, kowannensu da uwa, wasu da mata da 'ya'ya. In na yi magana, kafin la'asar labari ya kai kasuwar Gaya, kuma ba macen da za ta ɗora goyonta a bayan mai ido ɗaya. Na je wurin limaminmu ban ambaci suna ba, na tambaye shi hukuncin sirrin da riƙe shi zai iya cutar da wasu. Ya ce a fara da nasiha a ɓoye, in ta ƙi, rai yana gaba da sirri. Na ce an yi nasihar. Ya dube ni ya ce, "To, Allah ya ba ka ikon abin da ya rage."

Ranar wasa gari ya cika. An zo daga Ajingi a a-kori-kura, masu rake da masu awara sun kafa a bakin fili. Tsarina shi ne kowane mahayi ya yi zagayen gwaji shi kaɗai kafin a fara, in duba birkinsa da hularsa. Na ce a raina, in ƙanena ya yi nasa lafiya, wataƙila in bar shi.

Ya fito, an ɗaura masa jan ƙyalle a hannu. Jama'a suka ɗauki ihu. A miƙe ya tafi kamar da, na daɗe ban ga ya buɗe wuta haka ba. A kwanar farko ya karkata kansa sosai don idon dama ya ga tayoyin. A ta biyu bai karkata da wuri ba, ƙafarsa ta daki taya, tayar ta gangara tsakiyar fili. Babur ya yi rawa, ya tare shi. Mutane suka tafa, sun ɗauka gwaninta ce.

Aka jera rukunin farko a bakin layi, su huɗu har da ƙanena. Ƙuri'a ta ba shi gefen waje, wato duk sauran ukun suna hagunsa. Na kusa da shi wani saurayi ne ɗan Balan, sabon ango, har da sauran lalle a hannunsa. Injuna na kuka, kowa ya zuba wa tutata ido. Na ɗaga ta. Na dubi ƙanena, na ga yana ƙoƙarin juyo da kai ya ga inda angon yake.

Na sauke tutar a hankali, na naɗe ta, na yi musu alama su kashe inji.

Na kira shugaba da mai unguwa gefe. Na so in yi maganar a tsakaninmu. Amma a irin wannan taro ba gefe, mutane sun riga sun zagaye mu. Shugaba ya ce, "Malam, lafiya? Rana tana yi." Na ce mai gurbin alfarma ba zai hau ba. Ya ce a kan me. Na ce a kan ni ne mai tuta. Ya ce wannan ba dalili ba ne, an gama wannan maganar a tsamiya, in ba ni da wata hujja in ba wani tutar. Ya miƙo hannu zai karɓa.

Na ce, "Idonsa na hagu ba ya gani."

Na ji maganar tana tafiya daga baki zuwa baki har ƙarshen fili. Mai unguwa ya taka zuwa wurin ƙanena ya ce, "Gaskiya ne?" Ƙanena ya cire hular kwano, ya rataye ta a madubi. Ya ce, "Yayana ba ya ƙarya, ranka ya daɗe." Ya tura babur ɗinsa da hannu ya fita daga fili, mutane suna buɗa masa hanya. Bai dube ni ba.

Aka ba wanda ya zo na uku a tankaɗen garinmu gurbin, kamar yadda ya kamata tun farko. Aka yi wasa, ba wanda ya ji ciwo, wani ɗan Ajingi ya ci. Na riƙe tuta har ƙarshe domin aikin da na karɓa ne.

Abin da na ji tsoro bai ɓata lokaci ba. Ƙanena ya ci gaba da zuwa tasha da sassafe, shi ke kama layin farko. Fasinja ya zo, in nuna masa na gaba, sai ya ce, "A'a Baba, bari in jira na bayansa." Mata sukan yi kamar suna gyara goyo har wani ya matso. Ni da ban taɓa bari a tsallake layi ba, na rasa yadda zan tilasta wa mutum ya hau abin da yake tsoro. Samarin da suka yi masa tafi suka koma yi masa sannu kamar mara lafiya. Yana gaishe ni kullum, gaisuwar ƙane ga wa, cikakkiya, ba ya ƙara ko kalma a kanta. Matarsa ta daina aiko yara gidana.

Wata ranar kasuwar Gaya, hantsi ya yi, duk layi ya watse sai shi. Na bar wa wani tasha, na je na tsaya kusa da babur ɗinsa. Na ce Gaya za ni.

"Ga yara nan za su dawo yanzu," ya ce.

"Kai ne a kan layi."

Ya dubi hanya. Sannan ya taka kik, na hau. Muka tafi yana kauce wa ramuka kamar yadda ya saba, a hankali, ba inda ya girgiza ni. Mutanen da muke wucewa suna bin mu da kallo. Da muka iso mararrabar shiga Gaya ya tsaya cak, ga motocin hatsi suna ta wucewa. Ya fara juya kai, sai ya fasa.

"Tun da kowa ya sani," ya ce, "duba mini hagu."

Na duba. Na ce ya jira tirela ta wuce. Ta wuce, na ce ya tafi.

Bai kai damina a tasha ba. Ya sayar da babur ɗin, ya karɓi aron gona a wajen surukansa, can wajen Balan, ya kwashe iyalinsa. Mukan haɗu a suna ko jana'iza. Har yau ban ga wata hanya da zan bi ranar nan ba in ba wadda na bi ba, na kuma nema. Samari sun sake zuwa bara a kan a yi wani tseren. Na ce su nemi mai tuta.