Rumfar da Ake Hango Sama ta Rufinta

A farkon mulkin farar hula muna da maƙwabta a Gummi, gida uku, Ibo ne masu bin addinin Yahudu. Babbansu, wani dattijo, kayan keke yake sayarwa. In ya tarar ina rubutun ajami yakan yi murmushi, ya ce littafinsu ma daga dama ake fara shi.

Duk kaka suna da salla ta mako guda. Sukan kafa rumfar kara a bayan gida, a ciki suke cin abinci. Wata shekara aka zuga wasu samari suka yi musu ruwan duwatsu, suka rushe rumfar, suka fasa wa dattijon goshi. Matan maƙwabtan namu suka fara ɗaure kaya.

Na je jaje da safe, na same shi da tsumma a ka.

"Malam, salla ba ta ƙare ba," in ji shi. "Za mu sake kafawa, wannan karon a ƙofar gida. In aka sake rushewa, sai mu koma kudu."

Suna ta fama da itace sai ga Inna, tsohuwar Bafulatanar da ke kawo mana nono. Ta sauke ƙwarya ta dube su.

"Wagga ce rumfa? Ko akuya ba ta yarda ta kwana ciki. Ku kauce!"

Kafin azahar ta yi rufin kara da ciyawa, ko zare ba ya wucewa. Dattijo ya ɗaga kai, ya sosa ƙeya.

"Sannu da aiki, Inna, amma ba ta halatta ba. Dole a hango sama ta rufin."

"Mi? In yi rufi mai yoyo da hannuna? In aka ji a ruga, ina zan sa kaina?"

Ya ce tunawa suke yi da kakanninsu, da suka yi ta yawo a daji da dabbobi, ba gida.

Inna ta dube shi. "Ashe ku ma namu ne," ta ce. Ta hau zare ciyawar tana mita, muna dariya.

Daga ranar ta mai da bakin rumfar wurin tallarta. Masu sayen fura suka riƙa zama a inuwa, har da iyayen samarin nan, kai a sunkuye. Wa zai jefi rufin Inna tana zaune?

Cikin ikon Allah salla ta ƙare lafiya, matan suka kwance kayansu. Inna dai ta roƙe mu kada a faɗa wa kowa ita ta yi rufin.