Na Wa Ne?

A kwarin da ke gabas da Dungas, inda mutum zai haƙa gaba biyu ya tarar da ruwa, akwai lambun da tsofaffi ke kira lambun Muttaƙa. Da shi Muttaƙan zai ji, da sun sha faɗa, domin tsawon rayuwarsa bai taɓa yarda a ce ko reshe ɗaya na cikin lambun nan nasa ba ne.

Abin yana da tushe. Yana ɗan shekara goma sha biyar yunwar Kakalaba ta ɗauke ubansa, ya bar shanu bakwai da itatuwan dabino. Ƙanen uban ya zo da hawaye shaɓe-shaɓe ya ce zai riƙe wa marayu. Ya kuwa riƙe ƙam, har ya mutu bai saki ba, 'ya'yansa suka gada. Da Muttaƙa ya girma ya kai kuka gaban dattawa, sai suka tambaye shi wace saniya ce aka taɓa cewa tasa a gaban shaidu. Babu ko ɗaya. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya rantse cewa ɗan da zai haifa ba zai taɓa tsayawa inda ya tsaya ba.

Shekara shida ya yi yana cin rani a ƙasar Ingilishi, yana aikin lambu a wajejen Kazaure. Ya komo da karsana ɗaya a igiya da ƙwallayen mangwaro a cikin hula. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai wa zai shuka abin da sai ya yi furfura zai ci. Shi kuwa ya kama aiki. Ya share kwarin da kowa ya raina, ya haƙa rijiya, ya shuka mangwaron, ya dasa 'ya'yan dabino, ya sa lemon tsami da gwaba a gefe. Karsanar ta hayayyafa, shanun suna kwana a bakin lambu, takinsu yana shiga gindin itatuwa, ganyen wake da harawa suna komawa bakinsu. Ya auri Hinda, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki, kuma bai ƙara ba.

Ranar sunan 'yarsa ta fari, Mairama, bayan an shafa fatiha, ya hana mutane watsewa. Ya jawo maraƙa ja, ya nuna wani ɗan dabino da ya dasa da safe, ya ce, "Ku shaida, wannan da wannan na yarinyar nan ne. Abin da suka haifa ma nata ne." Yarinyar nan ya ce, don kunyar 'yar fari ba ta barin uba ya kama sunanta, kuma haka ya ci gaba da kiranta har bayan ta yi aure. Ya yi wa Sallau haka, ya yi wa Wada, ya yi wa Ɗela, Hinda ma tana da nata. Garke ya cika, lambu ya yi duhu, amma shi abin da ya bar wa kansa takarkari ne guda, wani tsohon sa mai karyayyen ƙaho da ake kira Gundumi, wanda ke jan ruwa da ɗaukar kaya zuwa kasuwa.

Mutum ne mai taurin kai, kuma ba a jin daɗin gardama da shi. In aka miƙo masa dabino ko ƙwaryar nono a gidansa, sai ya tsaya ya ce, "Na wa ne?" Sai an faɗi mai shi, mai shi ya ce ya ba shi, sannan ya kai baki. Baƙi suna ɗauka wasa ne. Hinda takan ce, "Malam, ka dai sha mana, nono ne." Shi kuwa ya ce ai daga irin wannan ka-dai-sha ƙanen ubansa ya fara.

Sai yaƙin Nasara ya zo, yaƙin duniya na biyu. Aka rufe iyaka, aka tsananta aikin tilas, gardawa, wato dogaran Nasara, suka riƙa shiga gari suna kwasar hatsi da dabbobi wai na soji. Mutane da yawa suka kora shanunsu suka tsallaka kudu. Abokansa suka ce ya biyo su. Ya ce su gaya masa yadda ake kora dabino tukuna. Ya zauna.

Kumandan, wato Nasaran da ke mulkin Magaria a lokacin, mutane suna ce masa Mai Tabarau. Ya koyi Hausa a cikin littafi, yana kuma ji da ita ƙwarai, har yakan ɗaga wa tafintansa Mamuda hannu ya ce bari, shi zai yi. Babu mai iya gaya masa cewa Hausar tasa tana fita a karkace. Wata safiya cikin sanyi, lokacin da dabino ya fara fure, ya iso kwarin da gardawa huɗu, mai gari Bawa yana biye yana ta zufa. Umurnin da ya zo da shi gajere ne: kowane mai garke ya ba da kai biyu daga cikin nasa.

Aka tara jama'a a bakin lambu. Mairama ma tana nan, ta zo wankan gida daga Dogo-Dogo da jaririnta a baya. Mai Tabarau ya tsaya gaban garken, ya nuna da bulala. Yana so ya tambayi yawan shanun, amma ya ja kalmar inda ba a ja, ya sauke murya inda ake ɗagawa. Abin da ya fito daga bakinsa, da ƙarfi, gaban kowa, shi ne, "Shanun nan nawa ne."

Muttaƙa ya dube shi tun daga takalmi har hula. Ya ce, "A'a. Ba naka ba ne."

Wata tsohuwa ta toshe bakinta da gefen zane, kafaɗunta suna rawa don dariya. Mamuda tafinta ya matso da sauri ya rage murya. "Malam, rufa mana asiri. Guda nawa yake nufi, ka sani."

"Ni abin da ya faɗa na ji, Mamuda. Ya ce nasa ne, na ce ba nasa ba ne. In ƙarya na yi, ga mai gari nan."

Ya sani sarai. Ko jaririn da ke bayan Mairama ya san abin da Nasaran yake nufi. Amma shekara da shekaru Muttaƙa yana jiran ranar da wani zai sake tsayawa gaban shanun gidansu ya ce nasa ne, kuma da ta zo bai ga dalilin barinta ta wuce ba.

Da aka fassara wa kumandan, kunnuwansa suka yi ja. Ya bar Hausa ya koma harshensa, Mamuda yana juyawa: to in ba na kumandan ba ne, ai na Muttaƙa ne, ya fitar da biyu yanzu.

"Nawa ma ba su ba ne," in ji Muttaƙa. Ya shiga garken yana dafa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta Sallau ce, ita da 'ya'yanta uku. Wannan ta Wada. Baƙar nan ta uwarsu. Mai farin goshi ta Ɗela. "An yi gaban shaidu, ga su nan tsaye da ransu. Ni kiwo aka ba ni. Takardarku ta ce mutum ya ba da nasa, ba ta ce ya ba da amana ba."

Mai Tabarau ya yi wa gardi alama. Gardin ya warware igiya ya nufi jar saniya mafi ƙiba a garken, jikar maraƙar nan ta ranar suna, ya jefa mata a ƙaho. Nan ne Muttaƙa ya daka tsawar da aka ji har rijiya.

"Sake ta! Ta Mairama ce!"

Mutanen gari suka dubi juna. Shekara goma sha takwas ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Ita Mairama ta sunkuyar da kai, hawaye suna zubo mata.

Muttaƙa ya fizge igiyar daga ƙahon saniyar. Ya je ya kamo Gundumi ya ɗaure shi da bakin igiyar ɗaya, ya ɗauki ɗaya bakin ya zarga a wuyansa, ya miƙa wa gardin tsakiyar. "Gaya masa, Mamuda, kuma kar ka rage komai. Abin da yake nawa a wurin nan biyu ne, takarkarin nan da wuyan nan. Kai biyu ya ce. Ga kai biyu."

Mamuda ya faɗa. Kumandan ya tsaya yana huci. Fushin da yake yi da mutumin ya fi kwaɗayin shanun, kuma ya ga idanun da ke kallonsa. Ya ce tun da haka ya zaɓa, a tafi da shi haka. Muttaƙa ya juya ya ce wa Sallau kar ya manta da sa wa dabinon fure namiji kafin ya bushe, ya fara da na yayarsa. Daga nan aka ja su, shi da takarkarinsa a igiya ɗaya, har Magaria.

Hinda ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ƙurar dawakin ba ta gama kwantawa ba ta ce wa 'ya'yanta kowa ya san nasa, ya kora. Mairama ta aika nata Dogo-Dogo, Sallau da Wada suka kai sauran wurin kawunnansu a Kwaya. Bayan kwana uku, da kumandan ya huce ya tuna da shanun, gardawa suka dawo suka tarar da turaku da kashin shanu. Suka tambayi Hinda. Ta ce masu shanun sun kwashe abinsu, ita mace ce, me ta sani.

Wata huɗu Muttaƙa ya yi a gidan kaso, kullum ana fitar da shi ɗaukar dutsen hanya. Gundumi tun makon farko soji suka cinye shi, kuma wannan ya yi masa ciwo har ransa. Wani gardi ya sauke masa gindin bindiga a kafaɗa ranar da ya ƙi durƙusawa, ƙashin ya haɗu a karkace. Hannun dama bai sake ɗagawa ya wuce kunnensa ba. Mutumin da ya dasa kowane dabino a kwarin nan bai ƙara hawa ko ɗaya ba, ko da yake ya yi shekara goma sha shida bayan haka yana zagaya gindinsu yana yi wa masu hawa faɗa.

Ranar da aka sako shi, gab da damina, da ƙafa ya iso, ya rame har Hinda sai da ta duba sau biyu. Bai shiga gida ba, lambu ya wuce. Dabino ya yi nauyi da 'ya'ya, shanun sun dawo turakunsu, ya bi su da ido bai ga gurbin kowa ba sai na Gundumi. Ya zauna a gindin dabinon 'yarsa ta fari, domin ƙafafunsa sun gaji.

Mairama ta zo da ƙwarya cike da nonon jar saniya, ta durƙusa ta miƙa masa. "Sannu da zuwa, Baba. Sha."

Ya karɓa da hannun hagu, yana kallon ƙasa. Leɓensa a bushe, amma bai kai baki ba. Ya ce, "Na wa ne?"

Ta share idonta da bayan hannu. "Nawa ne, Baba. Na ba ka."

Ya kafa kai ya shanye.