Kwalaben Ɗorawar Malam Iro

Har gobe ban manta da ranar da Darakta ya kawo mana baƙi ɗakin gwaji ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in gandun daji mai kula da shiyyar Batsari da Safana.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, muna yanko ɗan tohon itace, mu wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mu dasa a kwalba kan wani abinci mai kama da daskararren koko. Akwai sinadarin da ke sa shi reshe, akwai na saiwa. Doka ɗaya ce: ba a buɗe kwalba sai kan teburi mai tace iska, da takunkumi a baki.

Kwalaben da ke hannuna na ɗorawar Malam Iro ne, wani dattijon ƙauyen Yasore. Gadon kakansa ce, kaf yankin babu mai kalwa irin tata. Iska ta kayar da ita farkon damina, muka tsinci tohon ƙarshe. Wata da watanni ina lallaɓa su, har sun fara saiwa.

Darakta ya shigo da takalminsa, mai hoto na biye, Malam Iro a baya.

"Buɗe su Malam ya tofa albarka," in ji shi.

Na ce, "Yallaɓai, ko numfashi kashe su yake."

"Addu'ar ce za ta kashe su? Ka iya bakinka."

Malam Iro ya ce, "Ranka shi daɗe, ai gilashi bai tare addu'a."

Amma mai hoto ya riga ya gyara tsayuwa. Darakta da kansa ya bi kwalaben yana cire murfi, dattijo yana tofi don kunya. Shugaba mai himma, ko ɗaya bai tsallake ba.

Kafin mako ya zagayo farar funfuna ta lulluɓe komai. Darakta ya leƙo, ya ce, "Ka gani? Har sun fara fure."

Ni aka tura Yasore da labari. Na tarar Malam Iro ya haƙa ramin dashe, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da na faɗa masa, ya dubi ramin ya ce, "To ɗana, kama mini mu cike shi, kar wani ya faɗa." Ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar ba.

Ku sababbin shiga, ƙwayar cutar da ido ba ya gani muna da maganinta a kabad. Wadda ke zuwa a motar ofis kuwa, ku kulle ƙofa ku ce makulli ya ɓata.