Katakon da Ya Zo da Sanyi

Ƙasimu Maiwada kafinta ne a unguwar Uhudu. Kakansa da ƙafa ya zo daga Katsina, shi kuwa a Madina aka haife shi, bai taɓa ganin dajin da ya wuce gonar dabino ba. Amma katako ya san shi, musamman na itacen sanaubar, na ƙasashen sanyi, da ake saukewa daga jirgin ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira Suwaidi. Da shi yake yin ƙofa da taga da makarar masallaci. In rana ta buge shi sai ya tsatso ƙaro mai ƙamshi kamar lubban.

A shekarar 1978, da tsakar rana, zartonsa ya ci karo da wani abu a cikin wani jibgegen katako. Ya tona da kurfi, ƙarfen sassaƙa, sai ga harsashi, itacen ya rufe shi ruf. Yana ɗora shi a tafin hannu ya ji sanyi ya ratsa shi har ƙashi, alhali bango ma ba ya taɓuwa don zafi. Sai kuma ya ji shuuu a saman shagon, kamar iska na bin dogayen itatuwa.

Ya kai harsashin wurin maƙwabcinsa, wani tsoho Babukhare mai sayar da darduma, wanda ya yi yawon duniya.

"Baffa, ina itacen nan ke fitowa?"

"Can arewa, inda ƙanƙara ke binne gari. Ya fi hasumiya tsawo, ganyensa kamar allura, ba ya kakkaɓewa, ɓawonsa ja daga sama." Tsohon ya ƙi taɓa harsashin. "An kashe mutane da yawa a dazuzzukan nan. Wasu a jikin itace aka jingina su."

Ƙasimu ya binne harsashin a bayan dutsen Uhudu, ya yi addu'a ga wanda bai sani ba. Katakon kuwa ya ƙi yin ƙofar kowa da shi, ya jingine shi a lungu.

Sanyin bai sake shi ba. Matarsa Shafa'atu ta kai shi mustashfa, likita ya ce lafiyarsa lau.

"Abu Fatna, me kake saurare?" takan tambaye shi, da alkunyar 'yarsu, in ya tsaya cak da guduma a hannu.

"Iskar nan. Ke ba ki ji?"

Ya ci gaba da aikinsa cikin rigar sanyi, rani da damina, har ya rasu a 1986. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce ɗakin ya yi sanyi, har sai da suka riƙa hura hannu.